Mai Farin Jirgi

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da shagon naka. Mu ma lafiya lau, sai tsadar da ta sa mu gaba. Sabis ya sake ɗaukewa, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Bikin kamun kifi ya matso, kuma babu komai a ƙasa. Zaren raga ya ninka, kwaltar liƙe jirgi ta gagari kowa, makaɗa kuwa abin da suka yanka ba ya faɗuwa. Dattawa sun ce a bari sai baɗi. Ka san Baba. Tunda shi ne shugaban masunta, ya ce bikin da ya karɓa daga hannun ubansa ba zai mutu a nasa hannun ba. Ya ce abincin baƙi da man janareto a bar masa, zai san yadda zai yi. Saura makaɗa. Kai ne na birni, ka motsa don Allah, ban da dogon surutu.

Ka huta lafiya,
Yayarka.

*

Yaya ta kaina,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, faɗan ma ya iso lafiya. Kuɗi dai babu, mai gyaran waya yanzu kallon titi yake wuni yi. Amma kan ƙaninki ba na ado ba ne. Kin tuna kaset ɗin da aka ɗauka a bikin shekarar da na gama firamare? Yana akwatina. Na juye shi a filash, ga shi cikin ambulan. A ari lasifikar mai cajin waya, a soka, a danna, shi ke nan. Kiɗa ne na gaske, har da sanƙira, kuma ba ya cin abinci, ba ya neman kuɗin mota. Na saurari farkonsa, tas yake fita. Ki gaya wa dattawa zamani ya zo, kuma a ajiye mini kan kifi.

A gaida Baba,
Autanku mai basira.

*

Auta,

Ina gaisuwa. An yi biki. Ka zauna kafin ka karanta.

Akwai abin da na ɓoye maka, don Baba ya hana ni faɗa. Farin jirginsa ya sayar wa masu ɗiban yashi. Da shi aka ciyar da baƙi, da shi aka sayi mai. Shirinsa shi ne ya zauna a rumfa cikin sabuwar riga, ya ce ƙafa ce ke damunsa, a yi a gama ba wanda ya tambaya. Filafilinsa kawai ya riƙe kamar sanda.

Ba mu gwada filash ɗinka ba, don man bai kai na gwaji ba. Ranar bikin, da hantsi bakin ruwa ya cika, ni na danna da hannuna. Kiɗa ya tashi, mata suka fara rangaji, har na ce a raina yaron nan ya yi abin kai. Sai sanƙira ya fara kiran masunta ɗaya-ɗaya su tura jiragensu. Ya kira Dogo, wanda muka binne bara. Matarsa na tsaye kusa da ni. Ya kira Mai Ƙaho, wanda yanzu gadi yake yi a garinku. Na rasa inda ake kashe abin.

Sannan sanƙiran ya ce, "Mai Farin Jirgi, ruwa na jiranka." Sau uku ya faɗa. Kowa ya juya ya dubi rumfa, sannan ya dubi ƙetare, inda jirgin yake ɗaure, shaƙe da yashi har baki. Ashe duk gari sun sani, kara kawai ake yi masa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba a nan ya tsaya ba. Mai ɗaukar kaset ɗin kusa da Inna ya tsaya a wancan lokacin. Sai ga muryarta, Allah ya jiƙanta, ta cika bakin ruwa tana dariya: "Malam, a hankali dai, kada ka jiƙa mini sabuwar rigar nan."

Baba ya miƙe. Bai dubi kowa ba. Ya sauka da filafilinsa ya shiga ruwa da ƙafa, da rigar da komai, har ruwa ya kai masa ƙirji, ya tsaya. Can sai maƙwabcinmu ya ɗauki komarsa ya bi shi, wasu suka biyo, waɗanda su ma nasu jiragen sun daɗe da tafiya. Masu jirgi ma suka bar su a gaɓa. Da ƙafa aka yi kamun bana. An sami kifi, ba laifi.

Tun ranar bai yi maganar ba. Ni kuma abinci nake ajiye masa in fita, ba na iya haɗa ido da shi. Ba faɗa nake maka ba, mu biyu muka yi.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, in har na isa. Na karanta, na rufe shago, na kasa komawa. Farkon kawai na saurara, na yi ta cika baki. Ni na tsayar da Baba a gaban jama'a, ni na fama wa matar Dogo tsohon ciwo. Kunya ta hana ni rubuta masa. Zan sayar da kayan aikina in karɓo jirgin. Ki tambayar mini masu yashi, kuma ki jefa filash ɗin nan a ruwa. Ki ba Baba haƙuri, ki ba matar Dogo haƙuri, ni bakina ya mutu.

Ƙaninki.

*

Auta,

Ina maka fatan alheri. Yayarka ta karanta mini takardarka tana kuka, na ce ta ɗauko biro.

Kada ka sayar da komai. Jirgi ya tafi, kunyar da zan ji kuma na riga na ji ta, ban mutu ba. Dattawa sun ce baɗi ma za a yi, ko da ƙafa ne. Matar Dogo ta zo, tana so a sake kunna mata wurin da aka kira mijinta. Filash ɗin yana aljihuna, ba mai taɓa shi.

Aiki ɗaya zan ba ka, tunda sana'arka ce. Ka yanko mini wurin da uwarku take maganar riga, ka sa mini a waya yadda zan iya dannawa da kaina. Ka kawo da ƙafarka.

Rigar kuwa na jiƙa ta.

Allah ya yi maka albarka,
Babanka.