Inna Ba Ta Ci A Gaban Kowa

Doguwa,
4 ga Mayu.

Zuwa ga ƙawata kuma 'yar'uwata Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da duk tsofaffin da Allah Ya ɗora miki nauyinsu. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Na san za ki yi dariya ki ce Shamsiyya da tsohon yayi, ana zamanin waya tana wasiƙa. Yi dariyarki. Kin san sabis ɗin unguwarmu, sai mutum ya hau tudu kamar mai duban wata. Kuma maganar da zan yi ba na so iska ta kwashe ta, shi ya sa na rubuta, na haɗa da gero da man shanu, na ba Jibrin direba ya sauke miki a Bagauda.

Tun ranar da na baro Inna a gidan kula da tsofaffin nan naki ban yi barcin kirki ba. Mutanen garinmu Dangora sun sa ni a baki, wai 'yar fari ta kai uwarta ajiya kamar buhun masara. Ƙanena Hamidu ma ya aiko daga inda suke da shanu cewa ba da yawunsa ba. To amma ba su suka tsinto ta a bakin titin Jos tana neman maraƙin da ya mutu tun muna firamare ba. Ba su suka dawo daga aiki suka tarar ta hura wuta a tsakar ɗaki za ta dafa madara ba. Gigin tsufan nan ya fi ƙarfina, Furera. Ni ungozoma ce, haihuwa ba ta da lokaci, maigidana Malam kuma yana makaranta har la'asar. Da wani ne ya buɗe gidan, wallahi ko da kyauta ba zan kai ta ba. Don ke ce na kai ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na faɗa miki da baki, ina kuma maimaitawa: kada a tambayi Inna ko tana jin yunwa. Ko ta kwana uku ba ta sa komai a baki ba, cewa za ta yi ta ƙoshi, alhamdu lillahi. Ta manta garinsu, ta manta mahaifinmu Baffa ya rasu, amma fulakon nan yana nan daram. Ba ta ci a gaban mutane, balle namiji. Duk namijin da ya shigo mata yanzu suruki take ɗaukarsa, sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. Mace ta kai mata kwanon, ta ajiye bayan ƙofa ba tare da magana ba, ta saki labule ta tafi. A ba ta lokaci, za a dawo a tarar ta cinye tas. Na ga Asibi, matar nan mai wushirya da kika haɗa ta da ita, ta gane tun a ranar farko, hankalina ya kwanta da ita.

Ina ma gaya wa wa? Kin tuna lokacin da mahaifiyarki ta rasu, kina biyo ni gida daga makaranta, muka yi alkawarin sai mun kama Inna tana cin abinci? Muka ɓuya bayan rumbu har cinnaku suka kore mu, ba mu ga ko loma ɗaya ba. Amma kullum furarki na nan a ƙaramar ƙwarya, an rufe da faifai an tura ƙarƙashin gado, ko ni ban isa in taɓa ba. Har yau ina jin haushinki, ki sani. Ni 'yar fari ce, ba ta taɓa kama sunana ba, yanzu ma kallon baƙuwa take mini. Ke kuwa kina shigowa ta ce, Furera, kin dawo?

Na ba ki amanar uwarmu. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Shamsiyya.

Doguwa,
17 ga Agusta.

Ƙawata Furera,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya ruwa, yaya jama'ar gida? Ina fatan kin dawo daga Kano lafiya. Na zo jiya ban same ki ba, na kira har sau nawa wayar na shiga ba a ɗauka.

Furera, ban ji daɗin yadda na ga Inna ba. Da na zo da Babbar Sallah kumatunta har sheƙi suke, na koma ina sa miki albarka a mota har Jibrin ya gaji da amin. Jiya kuwa zanen da na ɗinka mata ya zagaye ta ya yi saura. Munduwar azurfar nan da ba ta taɓa fita daga hannunta ba, wadda muka sha gwada cirewa da sabulu muna yara, ina riƙe hannun sai ga ta ta zame ta faɗo a cinyata. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kin ce mini a waya zazzaɓin damina ne ya ɗan taɓa ta, kuma ya wuce. Na yarda, ke ma ma'aikaciyar jinya ce, ba zan koya miki aikinki ba. Sai dai zuciyata ta ƙi kwanciya.

Na tambayi ina Asibi, mai girki ta ce ta tafi biki Kiru. Sauran matan da na sani ma ban ga ko ɗaya ba. Wani magidanci na gani yana ta kai da kawo da kwanuka, gumi har ƙirji, aka ce Shitu ne ƙanin maigidanki. Na ɗauka ɓangaren maza yake taimakawa. A ɗakin kusa da na Inna wata tsohuwa ta yi ta kira a kai ta bayi, har na gaji na tashi na kai ta da kaina. Ba gori nake miki ba, na san biki kan kwashe ma'aikata, amma gida irin wannan ba a barinsa haka.

Na dama wa Inna fura na ajiye bayan ƙofa na fita. Kafin in gama alwala ta shanye, har ta suɗe ƙwaryar. Mai zazzaɓi ba ya sha haka. Na so in taho da ita a jiyan, na ma fara naɗe kayanta, sai na ce kai, Furera za ta dawo ta ga na kwashe uwarta a bayan idonta, wane irin cin fuska ne wannan? Sai na mayar da kayan.

Don Allah ki duba mini da kanki. In hannu ne ya yi kaɗan ki faɗa mini, ba abin kunya ba ne tsakanina da ke, sai mu san yadda za mu yi. Munduwar tana wurina, na ajiye mata sai hannun ya cika.

Ki huta lafiya.

'Yar'uwarki,
Shamsiyya.

Tudun Wada,
12 ga Satumba.

Furera,

Assalamu alaikum, don sallama haƙƙin Musulmi ce. Ina fatan kina lafiya. Lafiyar Inna kuwa, tunda ba ki zo kin gani ba, bari in ba ki labari.

Kin kira ni kin ce ta ɗan yi jiri. Ɗan jiri! Na zo na tarar da uwata ba ta iya ɗaga kai, leɓɓanta sun tsattsage, na ɗauke ta ni kaɗai zuwa mota kamar ƙaramar yarinya. Na kawo ta asibiti a nan inda nake da abokan aiki. An yi gwajin jini, an yi na fitsari, an duba ƙirji. Likita ya kira ni gefe, yana jin nauyina, ya ce ba su ga wata cuta ba, yunwa ce da ƙishirwa. A ƙasar da masara ta nuna, a gidan da nake aiko da gero duk wata, yunwa ta kusa kashe matar da ta ciyar da rabin yaran Dangora. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Shekaranjiya Asibi ta zo dubiya daga Kiru. Ashe ba biki ta je ba. Tun bayan Sallah kika sallame su, ita da sauran matan, kika bar Shitu da mai girki a kan tsofaffi fiye da ashirin, saboda ɗan gida ba ya neman albashi. Ban ga laifin Shitu sosai ba. Mutum ɗaya ne, ɗakuna da yawa. Yana shiga da kwano ya tsaya a kanta, ya ce Iya ga abinci. Ita kuma ta ja mayafi ta juya wa bango fuska ta ce ta ƙoshi. Ya ɗan jira, ana kiransa a wani ɗakin, ya ɗauke kwanonsa ya wuce. Abin da ya riƙe ranta shi ne ɗan kokon da mai girki ke tura mata in ta tuna. Haka safe, haka rana, haka dare, damina guda.

Da rashin sani ne, da na ce ya fi dare duhu, na yafe. Amma Asibi ta rantse mini da Allah, ranar da za ta tafi ta same ki a ofis, ta roƙe ki ko ba albashi a bar ta ta riƙa kai wa Inna abinci, don ta san ba za ta ci a hannun namiji ba. Kika ce gidan nan ba za a tsaya bin al'adar kowa ba, yunwa za ta koya mata.

Yunwa za ta koya mata. Furera, ke kika faɗi haka? Matar da ba ta iya riƙe sunan gari, me za ta koya? Abu ɗaya ciwon nan ya rage mata, kunyarta, kuma duk duniya ba wanda ya san haka kamar ke. Ke kika kwanta bayan rumbu tare da ni. Na rubuta miki da hannuna. Na sake rubutawa a watan jiya, na buɗe miki ƙofa ki ce abin ya fi ƙarfinki, kika kira ni kina dariya kika ce in daina sa wa kaina damuwa, kullum Inna cewa take ta ƙoshi. Kin san ma'anar maganar a bakinta, kika mayar mini da ita a matsayin albishir.

Na yi kuka har idona ya kumbura, kuma ba na Inna ne kaɗai ba. Ina kukan ƙawar da na rasa, wadda na kare a gaban Hamidu da dangi, na ce ko ni ba zan riƙe Inna kamar ita ba. Gobe Hamidu zai iso, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ki sani ba zan bar kaza cikin gashinta ba. Tsohuwar da na kai bayi ita ma uwar wasu ce. Na sami lambar ɗanta, na gaya masa abin da na gani, kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa.

Kada ki turo kowa ban haƙuri.

Shamsiyya.

Doguwa,
20 ga Oktoba.

Zuwa ga Furera,

Assalamu alaikum. Ina fatan yara suna lafiya, su ba ruwansu.

Na ga kiranki, na ga saƙonninki, ban buɗe ba. Na ji an ce mutane sun fara kwashe iyayensu. Ban yi murna ba, ban kuma yi nadama ba.

Inna tana gida. Asibi ta tare a wurinmu, ita ke zama da ita in na tafi aiki. Ƙafafun ba su dawo ba, likita ya ce da wuya su dawo, don haka ba mai sake tsinto ta a bakin titi. Amma tana zama, tana ci, ta fara ɗan cikowa. Munduwar dai har yanzu zamewa take.

Na yi niyyar ba zan ƙara rubuta miki ba, Inna ce ta sa. Kwanan nan na lura furar rana ba ta ƙarewa, sai rabi, gabana ya faɗi na ce ko ciwon ne. Jiya Asibi na shara ta leƙa ƙarƙashin gado, sai ga ƙaramin kwano an rufe da faifai. Na jawo shi zan fitar, Inna ta kama mini hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta dube ni kamar yadda take duban baƙi, ta ce, baiwar Allah, bar wannan, na Furera ne, yanzu za a taso su daga makaranta, marainiya ce, ba ta iya cewa tana jin yunwa.

Ban gaya mata komai ba. Ko na faɗa ba za ta riƙe ba, kuma ba ni zan cire mata sunan da ya rage a bakinta ba.

Furar yau na juye miki a jarka, tana hannun Jibrin tare da takardar nan. Rabonki ne, daga cikin abincinta ta rage miki, ni ban isa in taɓa ba. Ki sha, in zai wuce miki.

Wassalam.

Shamsiyya, 'yar Inna.