Zainabu na son in kira sunan kakanku

Maigidana Usman,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zafin Bur Sudan? Yaya aiki, yaya iyali? Mu nan Hajj Abdalla lafiya lau, ruwa ya shiga gona.

Littafin Ingilishin da ka aiko wa ƙanwarka Zainabu ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka san bara Ingilishi ne ya kayar da ita a imtihan, wato jarrabawa, bana kuwa in ta sake faɗuwa sai tsinkar auduga. Abin da ke ba ta wuya, wai duk inda Turawa suka rubuta "shi" ko "ita" nasu, sai ta koma baya ta nemo mai sunan. Yanzu da hirata take gwaji. Jiya na ce, "Shi ya dasa darbejiyar nan." Ta ce da ni kakarta, "Habboba, shi wa? Faɗi sunansa, ko in ba ki sifiri!" Ja'ira, so take in kira sunan kakanku da tsufana! Na bi ta da muciya. Amma malaminta ya ce yanzu ba ta kuskure, har 'yan ajinsu take koya wa.

Ka sa ta a addu'a, imtihan ya matso. Ka gaida matarka da yara. Shi ma yana gaishe ka. In ba ka gane wa nake nufi ba, tambayi Zainabu.

Habbobarka