Muryar da Na Sa Bashiru Ya Tura

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Ya jikin maiɗakinka, ya yara? Mu nan Isa lafiya lau, gero ya iso gida.

Yaya, ɗanka Bashiru da ka bar mani amana ya wuni ofishin 'yan sanda ranar kasuwa, kuma ni na ja mashi. Wata murya anka turo mani a waya, wai wani mai shayi a Turba shi ke kai ma ɓarayin daji labari. Ka san halin da muke ciki, in ka ji abin tsoro ba ka riƙe shi kai kaɗai. Na ce, "Bashiru, aika ma mutane." Ya ce, "Gwaggo, mun tabbata?" Na daka mashi tsawa. Ya tura da wayarshi, har da hoton mutumin.

Ashe ƙarya ce. Matasa sun farfasa ma bawan Allah tebur, da ƙyar ya sha. Da ya kai ƙara, lambar Bashiru anka biyo. Ɗan sandan ya ce mani wanda ya yaɗa ƙazafi doka na iya hawa kanshi, ko yaro ne. Sai da liman ya sa baki anka sako shi. Ka ja kunnen yaran da ke wajenka.

Gobe za ni Turba in roƙi mutumin gafara. Ka gaida kowa, ku sa mu addu'a.

Yau ma da safe Bashiru ya durƙusa ya gaishe ni, na kasa kallon idonshi.

Ƙanwarka,
Hauwa