Rediyon da Na Sanyaya

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Wata bakwai ke nan da sojoji suka kai ka arewa gyaran farantan tarho, kuma ban san wane dogon ƙarfe kake hawa yanzu ba.

Ka tuna ranar da ka nuna mini farantin da ke kan ƙarfen Tasawa? Ka ce da shi ake cafe muryoyin mutane daga iska. Ka ce kowace na'ura mai sauraro tana da nata shuuu, wanda zafin jikinta ke haifarwa, kuma muryar da ta fi shi rauni ta ɓace ke nan. Na ce a ƙara sauti mana. Ka yi dariya: "Tare za su tashi, Hadiza. Sai dai a sanyaya ta."

Rabin hankalina yana kan littafin soyayyar da ke cinyata. A littattafan nan saƙo yakan iso ko ta yaya.

Bana ma gero bai yi ba a nan Issawane. Inna, mahaifiyarka, ta ce mu koma wajen ƙanenta a Maijirgi. Na roƙi Inna mu dakata, tunda ka yi alkawarin aiko saƙo a filin gaishe-gaishe na rediyo. Kowace Laraba ina kasa kunne. Sunaye suna tasowa suna nutsewa cikin shuuu.

Sai na tuna maganarka. Na jiƙa buhu na naɗe rediyon kamar yadda muke yi wa tulu, da ruwan da Inna ta ware na tuwo. Kwana uku ina yayyafa masa. Da ta gani ba ta yi faɗa ba, ta ce, "'Yar nan, shi ma azumi ya yi?"

Ran Laraba na murɗa shi, ko tari bai yi ba.

Har yanzu ban gane ba. Sanyin ne ya yi yawa, ko naku sanyin daban ne? Ka aiko saƙon ya nutse, ko ba ka aiko ba?

Ba ni da sauran hujjar tsayar da Inna. Jibi za mu hau amalanke. Idan ka tarar da gida a rufe, ka tambayi gidan Kawu Sale a Maijirgi, bayan kasuwa.

Allah Ya sauko da kai lafiya daga kowane ƙarfe, Ya ba mu ruwa.

Matarka,
Hadiza