Gara Ta Riga Yaranka Buɗe Littafi

Zuwa ga mahaifina, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan da rasuwarka, yau ne karo na farko da na gode Allah ba ka nan balle ka ga abin da na gani.

Firamaren da ka koyar a ƙauyenmu, can bayan Fakku, tana nan yadda ka bar ta. Yara a ƙasa suke rubutu da yatsa, alhali kuɗin man fetur ya sa kowane babba a Sakkwato ya sauya mota. Sai mu tsofaffin ɗalibanka da ke aiki a birni muka haɗa hannu, muka sayi littattafan rubutu da fensir da alli, kwali shida. Ni na kai su a motar Tambuwal farkon damina.

Hedimastan da ya gaje ka ya karɓa baki har kunne, ya kulle su a sito. Wai ba a rabawa sai babban jami'i ya zo ya ƙaddamar, da mai hoto.

Jami'in bai zo ba. Yau yana Kaduna, gobe yana Ikko. Har aka yanke gero.

Jiya na je aka buɗe siton. Baba, gara ta gama da su. Na ɗaga littafi ya zube a hannuna kamar dusa. Alli ya jiƙe ya dunƙule. A waje kuwa 'yan aji biyu na durƙushe, suna share ƙasa da tafin hannu don su samu wurin rubuta harafi na gaba.

Ka san abin da hedimastan nan ya roƙe ni? In kawo sababbi kaɗan a jera a saman kwalayen, jami'in zai zo ran Alhamis, kada hoto ya ɓaci. Ko ruwan da aka kawo mini ban iya sha ba.

Kai da kake cewa, "Abin ɗiyan mutane ba shi kwana hannuna."

Amma ba shi kaɗai nake ƙyama ba. Ran da na kai kayan, da na ce a raba nan take, da an raba. Na yi shiru, don ya ce ranar bikin za a ambaci sunanka a rediyo. Sunanka na so a ji, shi ya sa yaranka suka yi damina guda ba takarda.

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, kada Ya kama ni da hakkinsu.

'Yarka,
Hadiza