Ni na shafa wa kwamfutar abokina kitsen tozo, wani ke shan zagi

Assalamu alaikum admin da masu karatu. Jam na? Ku ɓoye sunana don Allah, kuma ku ajiye zagin sai kun kai ƙarshe, ni kaina tun da safe nake tsine wa kaina.

Ni mahauci ne a Garoua, kakana ma mahauci. Ina da aboki a unguwar Poumpoumré, mu kira shi Hamadu, ɗan 'yan kasuwa, ya haɗa wata jibgegiyar kwamfutar tebur ta wasan gem wadda yake lallaɓawa kamar ƙwai. Kullum bayan la'asar can nake, muna buga ƙwallo ina lallasa shi. Da zai tafi biki Tignère sai ya bar mini makullin ɗaki. Kun san zafin garin nan, ƙadangare ma inuwa yake nema. Ina cikin wasa sai fankar kart girafik, wato abin da ke fitar da hoto, ta fara kuka ƙiii kamar akuyar da ta hango wuƙa. To mu a mahauta in ƙafar baro ta yi ƙara me muke yi? Kitse! Akwai tozo a ledata. Na kwance na lafta wa fankar, na ga wani man toka-toka ya bushe a ƙarƙashin ƙarfen da ke sanyaya kart ɗin, na kankare shi na cika wurin da kitse. Ƙara ta ɗauke. Wallahi ranar ji na yi ni injiniya ne.

Hamadu na dawowa bala'i ya fara. Minti goma da fara wasa hoto ya daskare, ekran, wato allon, ya yi baƙi, rubutu ya fito da Faransanci wai pilot ya daina amsawa. Pilot ɗin shi ne manhajar da ke tuƙa kart ɗin. Bawan Allah ya goge pilot ya sa sabo, ya goge sabo ya koma tsoho, ya rage kyan hoto har 'yan wasan suka koma kamar buhunan gero masu ƙafa, ya canza waya, ya zagi masu wuta. Duk ina zaune ina ba da shawara! "Mutumina, ka gwada wancan pilot ɗin mana." Ɗakin kuwa wani wari yake, kamar tukubar da aka manta mako guda. Ya ce, "Ɗan mahauta, kai ne ba ka wanka ko?" Na yi dariya na ce hancinsa ne.

Sai ya tuna Usmanu, mai gyara a unguwar Roumdé Adjia, wanda ya sabunta masa pilot kafin tafiya. Muka ɗora kwamfuta a babur muka tafi. Usmanu ya buɗe a gaban kwastomominsa. Jama'a, ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba, ni da nake wanke tumbi da hannu! Kitse ya narke ya haɗu da ƙura ya zama baƙin kunu, tururuwa sun yi layi, kyankyasai har da jikoki, ɗaya ya soyu a jikin fanka. Wata mata ta toshe hanci da mayafi ta ɗauki kwamfutarta ta fice. Hamadu ya daka tsawa: "Kai kaɗai ka taɓa buɗe ta! Da man suya kake wa mutane gyara?" Usmanu ya rantse pilot kawai ya sa, ko murfi bai cire ba. Ni kuma, kun san abin da na ce? "Kai Usmanu, ka ji tsoron Allah." Ni! Da wannan bakin!

Usmanu ya lakato abin da yatsa, ya shinshina, ya ce a hankali, "Wannan tozo ne." Ya ɗago ya dube ni. Mahauci ɗaya ne a shagon. Ya goge yatsansa, bai tona ni ba.

Yanzu duk layin shagonsa "Usmanu mai suya" ake ce masa, 'yan babur na tambayarsa ko akwai yaji. Jiya na wuce, tebur ɗinsa fayau, yana zaune yana korar ƙuda, mutum mai 'ya'ya huɗu. Ya ce, "Sannu soobajo, ya kasuwa?" Soobajo fa, wato aboki da Fulatanci! Da ma ya mare ni. Ranar Juma'a Hamadu zai kai shi gaban shugaban 'yan layin don a kore shi daga shagon, kuma ni ya sa a matsayin shaida. In na faɗi gaskiya na rasa Hamadu, in na yi shiru na yanka Usmanu.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, ranar Juma'ar nan me zan yi?