Ni Ce Na Taɓa Rautar, Ba Yayanka Ba

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga ƙanena Malam Kailani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda, ga ka da ɗawainiyar aiki a ƙasar mutane. Ina fata kana lafiya, kai da Sumaiya da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan alhamdu lillahi. Inna tana samun sauƙi, jiya ta shanye kunun gyaɗa har ta nemi ƙari, ƙafar ce dai ba ta takawa har yanzu.

Abin da ya sa na rubuto, bakina ba zai iya faɗarsa a waya ba. Batun kamarar da ka sa a ɗakin Inna ne don ka riƙa ganinta daga can. Na ji abin da ka faɗa wa yayanka ranar Juma'a, cewa shi yake kashe ta don ya ɓoye maka halin da take ciki. Tun ranar ko abincin kirki bai ci ba. Wallahi, Kailani, yayanka bai san komai ba. Ni ce.

Ka san ni nake yi wa Inna wanka da sauyin kaya, kuma a zafin nan ba na iyawa da hijabi. Sai in ɗaga kai in ga kamarar ta zuba mana ido. Ni ba muharramarka ba ce, ita ma Inna tana da nata mutuncin. Kunya ta hana ni gaya maka, sai na riƙa zare wayar rauta, wato na'urar da ke ba kamarar intanet, daga soket, in mayar idan mun gama. Na ɗauka kamar fitila ce, a kashe a kunna. Ranar Talata da na mayar sai ta tsaya a jar wuta, na tsorata, na tuna na taɓa ganin ka soka tsinke a ɗan ramin da ke bayanta. Na ɗauko allura na yi yadda na gani.

Da yayanka ya kira Evans, mai gyaran nan na Hanwa, sai Evans ya ce duk kashewar da aka yi kamfanin intanet yana iya sauya mana lambar IP, wato adireshin da wayarka ke bi ta iso gidan nan, shi ya sa hoton yake ɗauke maka. Allurar kuma ta goge duk saitinka, har ƙofar da ka buɗe wa kamarar a cikin rautar ta rufe. Ya tambayi wanda ya taɓa, na sunkuyar da kai, Allah Ya yafe mini. Yau da safe na gaya wa yayanka. Ya ce in bar shi, gara ka ci gaba da zarginsa da ka ga laifina. Na kasa bari.

Evans ya ce zai dawo, amma sai ka turo lambar ƙofar da ka yi amfani da ita da kalmar sirrin kamarar. Ya kuma ba da shawarar a nemi lamba tsayayya wadda ba ta sauyawa. Da na tambaye shi a gefe, ya ce da ɗankwali na rataya wa kamarar, da babu abin da ya lalace. Idan ka yarda haka zan riƙa yi lokacin wanka kaɗai.

Ka yafe mini, ka kira yayanka, shi ba zai fara kira ba, ka san halinsa. Inna tana gaishe ka, ba ta san an yi ba. Ka gaida Sumaiya da Adnan da ɗan autanku Ashraf. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Matar yayanka,
Ishatu